Mu Kwana a Agege, a Ƙirga Mu a Kano: Wa Muka Cuta?



Na san maganar da zan yi yau ba za ta yi wa wasu dattawanmu daɗi ba, to amma sai su yi mini haƙuri, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Magana ce a kan ƙidayar jama'a, da kuma wata ɗabi'a da muka ɗauka tamkar ibada, wato duk lokacin da aka ce za a yi ƙidaya ko zaɓe sai mu kulle ɗakunanmu mu cika motoci mu nufi Arewa, wai kada a rage wa gida yawa.

Abin da ya fama mini wannan tsohon miki shi ne wata hira da muka yi a majalisarmu bayan sallar isha'i. Zance ya biyo ta kan ƙidayar da aka shirya yi a watan Mayun 2023 gwamnatin Buhari ta ɗage, sai wani dattijo mai sana'ar goro, wanda ya haura shekara arba'in a Agege, ya buga ƙirji ya ce ai duk ranar da aka tsayar da rana, shi da iyalinsa mutum goma sha ɗaya mota guda za su ɗauka sai gida. Jama'a suka yi ta cewa "haka ne Alhaji, Allah ya ƙara girma." Ni kuwa sai na yi shiru saboda girman furfurarsa, amma wallahi na kwana ina juya maganar. Cikin mutum goma sha ɗayan nan, tara a nan aka yanke musu cibiya. Biyu daga jikokinsa ma Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu.

Kada wani ya ce ina wanke kaina, domin ni ma na yi wannan tafiya. A watan Maris na 2006 mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya tara mu ya ce kowa ya haɗa kayansa. Duk wanda yake nan a lokacin ya ga yadda tashoshin mota suka cika maƙil, har manyan motocin da suka sauke tumatir da albasa a Mile 12 da mutane suka koma. Wasu kuɗin motar ma ba daga aljihunsu ya fito ba, 'yan siyasar gida ne suka aiko. Muka kwana muka wuni a hanya, aka ƙirga mu a ƙauyen da ni kaina sau huɗu na taɓa taka shi a rayuwata, mai gari ya yi ta sa mana albarka. Da muka dawo bayan kwana goma na tambayi tsohon da muka bari yana jiran gida, ya ce malaman ƙidaya sun zo, sun tarar da ƙofofi a garƙame, shi kaɗai suka rubuta suka wuce. Gida mai ɗaki goma sha huɗu, wanda ko da safe sai an yi layi a bakin banɗaki, ya shiga littafin gwamnatin Najeriya a matsayin gidan mutum ɗaya. Kuma da yake tun daga 2006 ba a sake yin wata ƙidaya ba, wannan ƙaryar da muka yi da ƙafafunmu ita ce ta zauna a rubuce.

To mu duba abin da ya fito. A farkon 2007 aka bayyana sakamakon jihohi, daga baya a 2009 aka tabbatar da shi: Najeriya mutum 140,431,790, Kano 9,401,288, Legas 9,113,605. Gwamnatin Legas ta wancan lokaci ƙarƙashin Bola Tinubu ta yi fatali da alƙaluman, ta ce ita nata lissafin ya ba ta sama da miliyan 17.5. Mu kuma a Zango muka yi ta murna, wai Kano tumbin giwa ta sake kayar da Ikko. Babu wanda ya tsaya ya kalli wani abu mai ɗaure kai. A ƙidayar 1991 Kano tana da kimanin miliyan 5.8, Legas miliyan 5.7. Wato cikin shekara goma sha biyar, jihar da kowa ke kwararowa cikinta daga kowane lungu na ƙasar nan da ma ƙasashen maƙwabta ta ƙaru daidai da jihar da 'ya'yanta ke fita neman abinci. Shin hankali zai kama wannan? A 2013 kotun sauraron ƙorafin ƙidaya ta soke sakamakon ƙananan hukumomi 14 daga cikin 20 na Legas. Ba na cewa mu kaɗai muka jawo giɓin, domin akwai unguwannin da malaman ƙidaya ba su ko leƙa ba. Amma duk wanda ya ga motocin nan ya san da hannunmu a ciki.

Na san abin da za a ce mini: ai su ma 'yan Kudu suna gudu garuruwansu, kuma kullum cikin zagin alƙaluman Arewa suke, wai har awaki da shanu ake ƙirgawa. Wannan gaskiya ne, mun sha jin wannan gori a cikin motar haya da bakin kasuwa, kuma gori ne na wanda bai taɓa wuce Jebba ba. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Bichi ko Kano zuwa Wudil ya ga yadda ƙauye ke manne da ƙauye ba zai ce Arewa hamada ce ba. Lokacin da Baturen nan ɗan Jamus Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya ƙiyasta mazaunanta 30,000, kuma ya ce sukan ninka a lokacin fatauci, alhali ƙidayar da Turawa suka yi a Ikko a 1866 mutum kusan 25,000 ta samu. Ga kuma haihuwa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna a matsakaici mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya 6.6, a Kudu maso Yamma 3.9, a Katsina 7.3, a Legas 3.4. Saboda haka Arewa na da mutane, kuma ba ta buƙatar a yi mata ciko da mu. Kano da Jigawa, waɗanda jiha ɗaya ce kafin Agustan 1991, sun haɗa sama da miliyan 13.7 a 2006. Mota nawa za mu cika daga Agege kafin mu canza wannan lissafi? Abin da tafiyarmu ta ƙara kawai shi ne ta ba masu gori hujja, suna nuna motocinmu suna cewa kun gani ko.

Rikicin ƙidaya a ƙasar nan ya girme mu duka. Ta 1962 soke ta aka yi, ta 1963 da ta ba da miliyan 55.6 sai da ta kai gaban kotu, ta 1973 da ta ce miliyan 79.8 Janar Murtala ya soke ta a 1975. Ko a 2013 shugaban hukumar ƙidaya na lokacin, Festus Odimegwu, da ya yi shaguɓen cewa ba a taɓa yin ƙidaya sahihiya a Najeriya ba, gwamnan Kano Rabi'u Kwankwaso ya nemi a cire shi, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da ya bar kujerar. Dalilin duk wannan kokawa kuɗi ne da kujeru. Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya sa yawan jama'a cikin ma'aunan rabon arzikin ƙasa, kuma a tsarin raba kason jihohi kashi 30 cikin ɗari a kan yawan jama'a ake yin sa, kashi 40 kuma daidai wa daida. To a nan nake son dattijona mai goro ya tsaya ya yi lissafi irin na kasuwa, tun da ya fi ni sanin riba da faɗuwa. Ka kai kawuna goma sha ɗaya gida, an rubuta, kason jiharku ya ɗan motsa. Kuɗin nan ya biyo ka Agege? Jikanka da zazzaɓi ya kama da tsakar dare, asibitin ƙauyenku ka kai shi ko na nan? 'Yarka da ke aji uku, a benci na wace jiha take zama? Kwatar da ta toshe a ƙofar gidanka duk damina, ciyaman na can ne zai yashe ta? Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Kuma in da a ce gidan ma yana riƙe da mu da hannu biyu, da sai mutum ya ce to, an yi don zumunci. Bari in ba ku abin da ya same ni. Da 'yata ta fari ta zo neman gurbin karatu aka ce sai ta kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. A nan inda aka haife ta, aka haifi ubanta, ba ma sai na ɓata tafiya ba, sunan kakanta kaɗai ya isa a ce mata ta nemi garinsu. Na ɗauke ta muka tafi can inda aka ƙirga ni a 2006. Wani ma'aikaci ya dube ta sama da ƙasa, ya yi mata tambaya ta amsa da Hausarta ta Ikko, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai Bayarabiya ce." Sai da muka yi kwana biyar muna zarya tsakanin mai unguwa da dagaci da hakimi, sai da wani ƙanin mahaifina ya bar gonarsa ya zo ya tsaya mana, sannan aka sa hannu. Ranar ƙidaya babu wanda ya tambaye ni shaidar komai, hannu bibbiyu aka karɓe ni. Ranar da na zo neman haƙƙin 'yata sai na zama baƙo. A mota muna dawowa yarinyar ta tambaye ni, "Baba, to mu 'yan ina ne?" Har muka wuce Kaduna ban samu amsar da zan ba ta ba.

Amsar kuwa tana nan cikin tarihinmu, mu ne ba ma son kallonta. Ba jiya muka zo ƙasar nan ba. A 1863 John Glover ya kafa ƙaramar rundunarsa a Ikko da Hausawa, har ake kiranta Hausawan Glover, kuma daga wannan tushe sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, goron Agege da Shagamu ya riƙa hawa Arewa, shanu suna gangarowa. Sabon Badun an kafa shi a 1916. Ita kanta jihar Legas a ranar 27 ga Mayun 1967 aka ƙirƙiro ta, wato akwai gidajen Hausawa a Agege da Obalende da Idi-Araba da suka girmi jihar da ake ce musu baƙi a cikinta. Birnin da yake da mutum kusan 665,000 a ƙidayar 1963 bai kai inda ya kai yau da haihuwa kaɗai ba. Ijebu ya zo, Egba ya zo, ɗan Ekiti ya zo, Ibo ya zo, mu ma muka zo, har bayan an mayar da babban birnin tarayya Abuja a Disambar 1991 kwararar ba ta tsaya ba. Kowa a cikin waɗannan ya zauna ya kafa. Mu kaɗai ne har yanzu muke zaune a kan jakarmu.

Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. To raɓar da ta shekara ɗari ba ta bushe ba, a sake mata suna. Cin rani na da, mutum ya gama girbi ya gangaro, da ya ga hadari ya fara haɗuwa ya koma gona. Fari na shekarun 1970 da na 1980 ya fara karya wannan tsari. Masaƙun Kaduna da masana'antun Sharaɗa da Bompai suka durƙushe. Boko Haram ta tashi a 2009, 'yan bindigar daji suka hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato. Yaron da ya sauko yau daga motar shanu a Kara, in ka tambaye shi yaushe zai koma sai ya dube ka kawai, domin ƙauyen da zai koma ɗin wataƙila an tashe shi. Ga yawan haihuwar da na ambata a sama, ga gonar gado da ake ta rabawa tana ƙanƙancewa, saboda haka duk mai hankali ya san masu zuwa za su ci gaba da zuwa. Duk wanda yake cewa "ni dai ina tara ɗan abin da zan tara in koma," ya je maƙabartarmu ta Agege ya ƙirga waɗanda suka faɗi haka kafin shi. Mahaifina yana cikinsu. Ya gina ɗaki uku a ƙauye bai taɓa kwana wata guda a ciki ba.

Wasu kuma tsoro ne hujjarsu. Suna cewa in aka san yawanmu za a sa mana ido, gara mu lallaɓa. Ba na raina wannan tsoro, domin na san inda ya samo asali. Shagamu a Yulin 1999, Ketu da Mile 12 a Nuwambar shekarar, Idi-Araba a Fabrairun 2002, Mile 12 kuma a Maris na 2016, kasuwar Shasha ta Badun a Fabrairun 2021. Akwai gidajen da har yau ba su gama zaman makokin waɗannan ranaku ba, na Hausawa da na Yarbawa. Amma ina tambaya, a cikin waɗannan fitinu wacce ce ɓuya ta kare mu daga gare ta? Wanda ya zo da adda bai nemi littafin ƙidaya ba, ya san ƙofar kowa. Kuma ku tuna ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addinin kowa ba. Abin da ake rubutawa shi ne mutum nawa ke kwana a wannan gida, a wannan layi, a wannan unguwa. In an ƙirga ka a Agege, Agege ka ƙara wa nauyi, unguwar da kake sha ruwanta kake taka kwatarta. In ka tafi, unguwarka ce za ta bayyana a takarda kamar kango, kuma mai tsara inda za a sa makaranta ko ɗakin shan magani ba ya gina wa kango komai.

Abin da ya fi ƙidaya ciwo ma shi ne katin zaɓe, domin ita ƙidaya sai an shekara da shekaru, zaɓe kuwa duk bayan shekara huɗu yana nan tafe. A 2023 Legas ce ta fi kowace jiha masu rajista, mutum 7,060,195, Kano na biye da 5,921,370. Amma a zaɓen shugaban ƙasa waɗanda suka fito a Legas ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Peter Obi ya samu 582,454, Tinubu ya samu 572,606. Tazarar ba ta kai ƙuri'a dubu goma ba, a jihar da ake wa kallon gidan Tinubu. Ba ina cewa ga wanda ya kamata a zaɓa ba, kowa da ra'ayinsa. Ina so ne ku ga cewa a garin nan ƙuri'a dubu goma abar tsoro ce ga ɗan siyasa. Yanzu ku dubi sahun sallar Idi a Agege ko Alaba Rago, ku tambayi kanku mutum nawa a cikin sahun nan katinsu na nan ne. Mafi yawan waɗanda na sani katinsu na Kano ne, ko Katsina, ko Sakkwato. Ranar zaɓe wasu su kashe kuɗin mota su tafi su zaɓi gwamnan da ba zai taɓa mulkarsu ba, sauran su kwanta a ɗaki da katin da ba shi da amfani a inda suke.

Sannan mu dawo muna kuka. A Agustan 2019 aka tare wata babbar mota da matasa 123 daga Jigawa da babura 48, aka zaunar da su a ƙasa ana ɗaukarsu hoto kamar an kama ɓarayi, daga baya aka sake su don ba a same su da komai ba. A ranar 1 ga Yunin 2022 dokar hana acaɓa ta fara aiki a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Lagos Mainland, Lagos Island da Apapa. A shekarar ce kuma aka ba mazauna Alaba Rago wa'adin tashi. Ba na cewa duk matakin da gwamnati ta ɗauka zalunci ne, domin mu ma mun san akwai ɓatagari a cikin 'yan acaɓa, mun kuma san irin tuƙin ganganci da wasu ke yi. Tambayata ita ce, lokacin da ake yanke waɗannan shawarwari, wa ke zaune a ɗakin da zai ce a dakata, a ba mutanen nan lokaci, a nema musu madadi? Sarakunanmu na Hausawa suna iya bakin ƙoƙarinsu, amma roƙo suke zuwa yi, kuma ɗan siyasa ya san bambancin mai roƙo da mai ƙuri'a. Mun mayar da kanmu jama'ar da za a iya taɓawa ba tare da an yi asarar komai ba.

Su ma masu masaukinmu ina da magana da su, kuma zan faɗe ta ba tare da rashin kunya ba. Kukan da Legas ke yi na cewa an tauye ta yana da ƙanshin gaskiya. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27, Legas 20 kacal, kuma da Tinubu ya ƙirƙiro ƙarin 37 a 2003 sai gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, har magana ta kai Kotun Ƙoli. Alimosho ita kaɗai ta haura mutum miliyan 1.2 a ƙidayar 2006 da ake cewa an rage. Wannan tauyewa mu ma ta shafe mu, don a nan muke shan wahalarta. To amma in gwamnatin Legas ta tashi neman ƙarin kaso tana cewa mutanenta sun haura miliyan 20, su waye waɗannan miliyoyin? Mai shayin bakin titi yana ciki, mai gadin Ikoyi yana ciki, ɗan ga-ruwa da mahaucin Oko-Oba da mai sauke kwandon tumatir a Mile 12 duk suna ciki. Ba zai yiwu a ƙirga mu ranar neman kuɗin Abuja ba, sannan ranar rusau a ce mamaya muka kawo. Sashe na 41 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar, sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar fili da gida. Muna biyan kuɗin haya, muna biyan harajin kasuwa kullum ta Allah. Amma mu sani, wannan magana ba za ta yi nauyi a bakinmu ba muddin mu da kanmu muna guje wa a rubuta mu.

Akwai kuma wani sauyi da ya kamata mu farga da shi tun da wuri. Legas ita ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Najeriya, ga teku ga fadama, babu inda za ta faɗaɗa sai cikin jihar Ogun. Tsadar haya ta kori jama'a da yawa zuwa Sango Ota da Agbado da Akute da Ibafo da Mowe, mutum ya yi aiki a Ikko ya kwana a Ogun. Ogun ta tashi daga miliyan 2.3 a 1991 zuwa miliyan 3.7 a 2006, kuma duk wanda ke bin hanyar Badun ya ga yadda dajin da ke tsakanin Berger da Shagamu ya zama gari. Jirgin ƙasan Legas zuwa Badun ya fara aiki a 2021, na Agbado zuwa Oyingbo a 2024, kuma inda jirgi ya tsaya nan gari ke tashi, kamar yadda Agege ta tashi a zamanin kakanninmu. Mutanenmu suna cikin masu wannan ƙaura. Abin takaici, da yawa suna maimaita kuskuren iyayenmu, su kama rumfa a bakin titi ko filin da ba takarda, kuɗin kuma a aika ƙauye a gina gidan da ɓeraye za su gada. Nan da shekara ashirin 'ya'yansu za su zo suna kukan an tashe su.

To me nake so mu yi? Abu ne mai sauƙi ga wanda ya yi niyya. Duk ranar da Allah ya kawo ƙidaya, kowa ya zauna a ɗakinsa a ƙirga shi a inda yake kwana, shi da matansa da 'ya'yansa da yaran shagonsa da almajiran da ke kwana a zaurensa. Wanda katin zaɓensa ke Arewa alhali rayuwarsa na nan, ya je ofishin hukumar zaɓe lokacin rajista ya nemi a dawo masa da shi, doka ta yarda da haka. Mu karɓi katin mazauna jihar Legas na hukumar LASRRA, wadda aka kafa tun 2011 kuma ba ta ce sai Bayarabe ba. Duk jaririn da aka haifa, kafin a yanka ragon suna a tabbatar an nema masa takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya. Limamanmu su faɗi wannan a kan mumbari, domin ba da shaidar gaskiya a kan inda kake zaune amana ce. Sarakunanmu da shugabannin kasuwa su buɗe littafi, duk yaron da ya sauko daga mota a san sunansa da garinsu da wanda ya tsaya masa, don in ya yi laifi a san inda za a kama, in an zalunce shi a san wanda zai bi kadinsa. Mu kuma tsofaffin zama mu daina kallon sababbin zuwa kamar su ne suka ɓata mana suna. Wanda ke kiran "aboki" a titi bai bambance jikan mai goro da wanda ya zo jiya ba.

Ga 'yan siyasar gida masu aiko da kuɗin mota, in da gaske kuna ƙaunarmu ku ajiye kuɗin ku gyara makarantun da suka sa yara ke gudowa ba su iya rubuta sunansu ba, ku samar da tsaron da zai bar manomi ya shiga gonarsa. Ku kuma sauƙaƙa wa 'ya'yanmu takardar asali in sun zo nema.

Ban ce kowa ya manta da asalinsa ba. Ni ma in Sallah ta zo raina can yake, kuma har gobe ina aika abin da ya sawwaƙa ga dangi. Zumunci daban, ƙidaya daban. Shi dattijona mai goro, na yi niyyar in same shi shi kaɗai a rumfarsa in karanta masa wannan, in ya ga dama ya zage ni, ɗansa ne ni. Abin da zan roƙe shi kawai, in ya dage sai ya tafi, to ya tafi shi da Hajiya, ya bar mana jikokin nan tara a rubuta su a garin da aka haife su.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya ba Arewa zaman lafiya, ya jiƙan iyayenmu da ke kwance a ƙasar nan. In na yi kuskure a yafe mini.

Wassalam.
Naku, ɗan Zangon Agege.